Ga Mai Son Zama Lauya: Ka Je da Ƙafarka

Duk shekara idan aka tambayi 'yan ajin ƙarshe abin da suke son zama, ba a rasa masu cewa lauya. Madalla. To amma akwai wani mataki da ba a cika faɗa muku ba, shi ne zaman koyon aiki a ofishin lauyoyi, kuma a kansa nake son mu ɗan tattauna.

Ga yadda hanyar take. Bayan sakandare za ka yi shekara 5 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, wadda ta fara aiki a Legas a 1963, yanzu hedikwatarta tana Bwari a Abuja, kuma tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. A can ne ake tura ɗalibi ya yi wasu makonni a kotu, wasu kuma a ofishin lauya, yana rubuta abin da ya gani kullum a littafi, a duba masa in ya koma. Wannan dole ne. Wanda ba dole ba shi ne na lokacin dogon hutun jami'a, wanda kai da kanka za ka nema. Ni a ganina a nan ake gane wanda ya zo da gaske.

Abin da na fi gani shi ne, yaro yana kwance a gida, uba ne yake yawo da takardunsa wajen abokai yana roƙon alfarma. Iyaye, don Allah ku bar wannan. Ku yi masa addu'a, ku ba shi kuɗin mota, amma ya je da ƙafarsa. Lauyan da ya karɓi yaro don kunyar babansa kujera kawai zai ba shi a lungu. Wanda ya shigo da kansa, ya yi sallama, ya miƙa takarda shafi ɗaya mai tsabta wadda ta faɗi sunansa da ajinsa da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan ofis, shi ne ake tunawa da shi. Kuma ka duba rubutunka sau uku. Aikin lauya rabinsa rubutu ne. In ka ɓata sunan mutumin da kake nema a layin farko, to ka gama amsa tambayarsa.

Kada kuma ka ce sai babban ofis mai bene da na'urar sanyaya ɗaki. Suna yana da daɗi, ban musa ba. Amma a inda ɗalibai suka kai ashirin, sai ka yi wata guda ba ka taɓa fayil ba. A ƙaramin ofis mai lauya biyu ko uku, kai ne za a aika wajen rajistara ka shigar da takardu, kai za ka nemo hukuncin da aka taɓa yankewa a littattafan rahoton shari'a, kai za ka zauna bayan maigidanka a kotu kana rubuta ranar da aka ɗage zama. Ba ka da ikon buɗe baki gaban alƙali sai ranar da aka rantsar da kai, saboda haka kunnenka da alƙalaminka su ne jarinka. Kotu tana zama ƙarfe 9 na safe. Ka riga kowa zuwa, ko da ranar alƙali bai fito da wuri ba.

Yanzu ga babbar maganar. Fayil ɗin da za a ɗora maka a tebur sirrin mutane ne: rikicin gado tsakanin 'yan ɗaki, bashin da attajiri ba ya son a ji, matar da take neman a raba aurenta. Wataƙila ma ka san gidan. Ranar da ka kai labarin majalisa ko ka ɗauki hoton takarda ka tura a WhatsApp, ka cuci bayin Allah, ka jawo wa ofishin abin kunya, kuma garin lauyoyi ƙarami ne, labarinka zai riga ka zuwa duk inda ka nufa. Ko Inna ce ta tambaya, ka ce aiki lafiya, shi ke nan.

Kai da kake wannan makaranta kana da wani abu da yawancin abokan karatunka ba su da shi. Larabcin da kake koya, da lissafin rabon gado da Malam yake ta fama da ku a kai, ana neman su a kotunan Shari'ar Musulunci har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, inda ake kafa hujja da littattafan Malikiyya irin su Risala da Mukhtasar. Lauyoyi da yawa sai sun nemi mai fassara musu. Ka rubuta wannan a takardarka, kada ka ji kunya, amma fa kada ka ce ka iya abin da ba ka iya ba, don ana iya miƙo maka littafin nan take a ce karanta mu ji.