MALAMIN LABARIN ƘASA YA TAKA ƘASA

Jama'a, ina da magana da 'yan'uwana malamai, tun ba waɗanda za su fita bana su kama koyar da Labarin Ƙasa ba.

Wata rana ina koya wa 'yan aji shida labarin kogin ƙanƙara, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in kogi ne, don me ba ya malala? In kuwa daskararre ne, yaya ya ke tafiya?" Na daka masa tsawa, na ce ya zauna. Alhali kuwa ni ma ban sani ba. Abin da na haddace a littafi shi na ke juye musu.

Tambayar nan ta daɗe tana cina, har na tara guzuri na tafi duwatsun Ruwanzori, a kan iyakar Yuganda da Kwango. Suna dab da Ikwaita, inda mu ke gaya wa yara zafi ya fi yawa, amma ga ƙanƙara a bisansu rani da damina. Ƙololuwarsu, watau Margarita a kan dutsen Stanley, tsawonta mita 5,109.

Daga Kasese mota ta kai mu Nyakalengija, daga nan kuwa sai ƙafa, kwana bakwai zuwa da dawowa. Bakonzo, mutanen wurin, su ne jagora, su ne 'yan alaro. Na yi girman kai na ce ni zan goya jakata. Ran kwana na uku, a fadamar Bigo, na nutse cikin taɓo har gwiwa, na rasa yadda zan yi. Wani ɗan alaro ya zaro ni, ya kwashe rabin kayana ya ɗora bisa nasa, bai ce mini kome ba. Kunya dai na sha ta.

Littafi ya ce in ka hau mita 1,000 zafi ya kan ragu da wajen digiri shida da rabi. Na sha rubuta wannan a allo. Amma sai da na fara tafiya da 'yar shara cikin kurmi, na wayi gari a bukkar Elena yatsuna ba su iya ɗaura igiyar takalmi, sa'an nan na san abin da na ke rubutawa. A can ruwa ya kan tafasa tun bai yi zafi sosai ba, saboda iska ba ta da nauyi, don haka shinkafa sai ta daɗe a wuta. Taku goma, ka tsaya ka yi haki.

Da asuba aka ɗaura mana ƙarafa masu haƙora a takalma, aka haɗa mu da igiya guda, muka hau ƙanƙarar. A nan na sami amsar yaron. Ƙanƙara mai laushi kamar gari ta kan zubo shekara da shekaru, ta sama ta danne ta ƙasa har ta zama kamar dutse. Nauyinta shi ke tura ta gangare a hankali, ido ba ya gani. Amma ga shaida: ga tsage-tsage masu zurfi inda ta karye wajen tafiya, ga fā can ƙasa ta goge shi sumul, ta bar masa zane kamar an ja garma. Na kasa kunne, na ji ruwa yana gudu a ƙarƙashinta. Ruwan nan ƙarshensa Kogin Nilu.

Jagoranmu ya nuna mini wani wuri can nesa a gangare, ya ce nan ta ke kaiwa sa'ad da ubansa ke wannan aiki. Yanzu dutse ne tsirara. A 1906, da Duke na Abruzzi, mutumin Italiya, ya hau duwatsun nan, kogunan ƙanƙara 43 ne a kan duwatsu shida. Kafin 2005 ba su kai rabin haka ba, a kan uku kaɗai, don duniya tana ƙara ɗumi. Wanda ya yi jinkiri, labari zai tarar.

Na san za a ce ina kuɗin zuwa Yuganda, ga kuma hotuna. Gaskiya ne, ni ma sai da na sayar da babur. Ban ce kowa ya je can ba. Amma hoto ba ya sa mutum haki. Abin da na ke roƙo, kwalejinmu ta riƙa fid da 'yan ajin ƙarshe mako guda kowace shekara, kowa da jakarsa a baya, da bargo, da garin kwaki, su hau tudun Mambila, ko su nufi Cappal Waddi a Jihar Taraba, mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Ba za su ga ƙanƙara ba, amma za su ji sanyi yana ƙaruwa, su ga inda rafi ke ɓuɓɓugowa, su ga itatuwa suna sākewa. Kuɗin walimar sallama ma ya isa hayar mota.

Yaron nan kuwa yanzu magidanci ne. Da na komo na neme shi na ba shi amsarsa. Ya yi dariya, ya ce shi ya manta da tambayar, tsawar ce dai bai manta ba.