Salula: a tambayi mai gyara kafin a saya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kuɗin babbar salula yakan kai kuɗin akuya. Bai kamata a zuba shi a kan ƙyalƙyali ba.

A ganina, salula mai ƙarko ita ce wadda ake samun batirinta da gilashinta wurin mai gyara na kasuwarku. Ku fara tambayarsa. Ku zaɓi batir mai lamba 5000, domin caji yana da wuya a ƙauye. Ku yi hattara da tsohuwar salula: tun shekarar 2023, WhatsApp ya daina aiki a Android da bai kai 5 ba. Bayan saye, kada ku bar ta cikin rana, zafi yana kashe batir.

Ku tuna, araha ba ta ado.