A Sake Buga Zanen Lash

'Yan'uwa talakawa, dattawanmu da suka ga zamanin Turawa har yau suna tuna Lash, wato Akinola Lasekan, mutumin Owo, wanda ya fara zanen ba'a a jaridar West African Pilot ta Ikko a 1944. Jaridar Dokta Azikiwe ce, wadda Gwamnatin Turawa ta taɓa hana bugawa a 1945, lokacin babban yajin aikin ma'aikata.

Abin da ya sa zanensa ya shiga ran jama'a shi ne ba ya bukatar tafinta. Mai sayar da goro wanda bai san ko bihim da Turanci ba, in ya duba hoton sai ya gane wa ke ɗauke da kaya, wa ke cin riba. Wanda kuwa aka yi wa dariya a kasuwa, kwarjininsa ya ragu ke nan. Ba mu ce Lash waliyyi ba ne. Ɗan jam'iyya ne, alƙalaminsa ya fi kaifi kan abokan hamayyar NCNC.

Ya rasu a 1972, takardun jarida kuwa gara ba ta jin kunyarsu. Don haka muna kira ga masu ɗab'i su tattara zanen nan su sake bugawa, da bayani cikin Hausa a ƙarƙashin kowane hoto. Amma kada a yi shi littafi mai tsada na ajiya a falon manya. A yi shi ƙarami, mai araha, yadda ɗan tebur a Kurmi zai iya saye daga cinikin yini guda.