Kafin ka danna "gwada sabon salo" a imel ɗinka

A zangon karatun da ya wuce wani ɗan maɓalli ya bayyana a saman akwatin imel ɗina, yana gayyata ta in gwada sabon fasali kafin kowa. A gefensa an rubuta "beta" da ƙananan haruffa. Ni kuwa da son a ce ni na fara, ko tsayawa karantawa ban yi ba na danna. Kwana uku ina jin daɗi, har ina nuna wa 'yan ɗakinmu. A rana ta huɗu na gama jingar da malami ya ce a aiko masa kafin sha biyun dare, na liƙa fayil, na tura. Allo ya nuna min saƙo ya tafi. Da safe na tarar da shi zaune cikin waɗanda ba a aika ba. Malam bai saurari uzuri ba, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba.

To, mene ne wannan beta ɗin? Ka ɗauka magini ne ya yi rufi bai jira damina ta gwada shi ba, ya ce maka shigo ka zauna kyauta, in ka ga inda ke yoyo ka faɗa min. Manhajar tana aiki, amma masu ita sun san da sauran gyara, kai ne kuma zakaran gwajin dafi.

Wasu abokaina sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, a bar wa Turawa gwajinsu. Ni ban yarda ba. Gmail ɗin da kusan kowannenmu ke amfani da shi a haka ya fara. Ranar 1 ga Afrilun 2004 Google ya fito da shi da ma'ajiyar gigabait ɗaya, lokacin da Hotmail ke ba mutum megabait biyu kacal, har mutane da yawa suka ɗauka zolayar ranar wawaye ce. Sai da gayyata ake shiga, wasu ma sayen gayyatar suka riƙa yi a eBay. Tambarin beta bai bar kansa ba sai a Yulin 2009, bayan shekara biyar. Waɗanda suka jure wa matsalolinsa a lokacin su suka gyara mana hanya.

Sai dai ba kowane gwaji ke kai labari ba. A 2014 Google ɗin dai ya kawo wani sabon akwati mai suna Inbox, shi ma da gayyata. Mutane suka saba da shi, suka tsara harkokinsu a kai, a 2019 aka rufe shi.

Abin da nake cewa shi ne ka gwada, amma ba da akwatin da rayuwarka ke ciki ba. Ka tuna abin da ke rataye da imel ɗin nan: rajistar JAMB, shafin makaranta, saƙon banki, gobe kuma bautar ƙasa. Ko kalmar sirrin Facebook ko TikTok ka manta, nan za a turo maka hanyar sabunta ta. Buɗe wani akwatin daban bai kai minti biyar ba. Can za ka yi ta danne-dannenka.

In kuma ka shiga, don Allah ka yi magana. Wannan ne ya fi damuna da mu. Muna gwadawa, abu ya ƙi, mu yi tsaki mu zagi kamfani a gurup, shi ke nan. Alhali akwai wurin aika ƙorafi a cikin manhajar, kuma dominsa aka buɗe gwajin. Injiniyan da ke zaune a Amurka da intanet mai gudu bai san yadda shafinsa ke buɗewa a ƙaramar waya ba, a hostel, da sabis sanda ɗaya da data ta ɗari biyu. Bai san cewa in ka rubuta "ƙasa" ka nemo da "kasa" wani lokaci ba ta fitowa ba. Wa zai gaya masa in ba mu ba?

Ni dai na koma tsohon salo a babban akwatina, na bar gwajin a na biyu. Ƙorafi uku na aika zuwa yanzu, biyu a kan haruffanmu masu lanƙwasa, ɗaya a kan saƙon nan da ya ci min maki.