Jakara: Wa Ke Cin Abin da Kano Ta Zubar?

Duk gidan da ke cikin birnin Kano yana da rariya. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, ruwan tsummokaran jariri, wani lokaci har da abin da ya fi haka muni, duk ta wannan ɗan rami na gindin katanga suke fita. Da sun fita, mai gida ya gama nasa. Tsakar gida tas, ɗaki na ƙamshin turaren wuta, sai ya zura farar riga, ya tsallake kwatar ƙofar gida, ya nufi masallaci. Ba kasafai yake tambayar inda ruwan zai kwana ba.

Alhali kuwa yana da makwanci. Daga rariya sai kwata, daga kwata sai lambatu, lambatun kuma, in a tsohon birni ne ko Fagge ko Sabon Gari, galibi Jakara yake kaiwa.

Jakara ba baƙuwa ba ce a garin. Tarihin Kano ya ambaci kurmin da ke bakinta tun zamanin su Barbushe, kuma a gefenta Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya tarar da ita babban tafki a tsakiyar gari da ya zo a 1851, kuma tun lokacin ya koka da yadda ruwayen da ke kwance a birnin ke cutar da lafiya. Yau Jakara baƙin ruwa ce mai kumfa. Tana ratsa Fagge, ta bi gefen Sabon Gari, ta wuce ƙarƙashin titin filin jirgin sama, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su rankaya tare zuwa madatsar ruwa ta Wasai a wajen Minjibir. Kano, da miliyoyin mutanenta, ba ta da babban tsarin bututun ƙarƙashin ƙasa da zai tattara ƙazantar gidaje ya kai ta inda za a tace. Yadda ruwan ya fita daga rariya haka yake isa can, sai ma ƙarin abin da ya kwaso a hanya.

A bakin wannan ruwa akwai lambuna, kore shar ko da tsakiyar rani. 'Yan lambu na janyo shi da injin ban-ruwa suna shayar da latas, kabeji, karas da alayyafo. Masu bincike a Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan, da ƙasar, da ganyen, suna samun dalma da kuromiyam, sinadarin da majema ke jeme fata da shi. Babu adalci a ɗora wa ɗan lambu laifi: yana da iyali, yana da 'yar gona, kuma da rani babu wani ruwa kusa da shi sai wannan. Kayansa kuwa kasuwannin gari suke komawa. Mai gidan da ya sako ruwan a Fagge, da mai kamfanin da ya sako nasa a Bompai, da jami'in da ya kau da kai, kowannensu na iya tarar da wannan latas a farantin buɗa-bakinsa.

Wannan na rani ke nan. Da damina kuma sai lamarin ya juye, ruwan ya biyo mutane har ɗaki.

Tsofaffin Kanawa sun san amfanin kududdufi ko da ba su karanta injiniyanci ba. Daga cikinsa aka haƙo ƙasar da aka gina gidaje da ganuwa, ramin da ya rage kuma ya zama matattarar ruwan sama. In an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan unguwa ya gangara can, ya kwanta, ƙasa ta riƙa shanye shi sannu a hankali. Kududdufi na da aibunsa, ba a musu: sauro, wari, da yaran da ke nutsewa a ciki. Sai dai maganin da aka yi masa ya fi cutar muni. Aka mai da shi bola har ya cika, aka zuba ƙasa a kai, aka yanka filaye, aka sayar, aka ɗora shaguna da benaye. Ba a haƙa wa ruwan wani masauki ba. Ruwan da ya saba kwana a kududdufi yanzu a ɗakin wata tsohuwa yake kwana, wadda laifinta kawai shi ne gidanta na ƙasa ne kuma a gangare yake. Wanda ya sayi filin ya ɗaga harsashinsa da siminti, ya tsira. Wanda ya sa hannu a takardar fili ma ba a unguwar yake zaune ba.

A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, kasuwar da fatake daga Nijar, Chadi da Kamaru ke zuwa sarin atamfa da shadda, ya jiƙa dilolin kaya na maƙudan kuɗi. 'Yan kasuwar da kansu suka nuna gine-ginen da aka dasa a kan magudanan ruwa.

A irin wannan rana kalmar da ta fi yawo ita ce ƙaddara. Musulmi bai musun ƙaddara, kuma wanda ya rasa gida ko ɗa yana da haƙƙin ya nemi sanyin zuciya a cikinta. Abin da bai kamata ba shi ne mai laifi ya are ta ya yafa. Allah ne ke saukar da ruwa, amma ba mala'ika ne ya cusa ledar fiya-wata da tsohuwar katifa a kwalbati ba. Mutanen Maiduguri sun ga mafi munin wannan a ranar 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle cikin dare. Ruwa ya mamaye Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, fursunoni fiye da 270 suka tsere, mutane kimanin 400,000 suka bar gidajensu. Garin ya taɓa ganin irin wannan ambaliya daga madatsar a 1994. Shekara 30 ke nan ana da labarin abin da Alau za ta iya yi. Sai bayan ta yi aka amince da naira biliyan 80 don sake gina ta.

Abin mamaki, malaman mazhabar da ake bi a ƙasar nan sun daɗe da yin magana a kan kwata. A Tunis, cikin ƙarni na 14, an yi wani magini mai suna Ibn al-Rami wanda alƙalai ke aikawa ya dubo rigingimun gini tsakanin maƙwabta. Ya bar littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini a fiƙihun Malikiyya, kuma a ciki an tattauna indararon da ke zuba a gidan wani, da ramin masai da ke kusa da katangar maƙwabci, da yadda za a raba kuɗin yashe magudanar da gidaje da yawa ke amfani da ita. Tushen hukuncin ɗaya ne: ba a yarda mutum ya kawar da cuta daga kansa ta hanyar jefa ta kan wani ba. Yaran Islamiyya ma sun haddace cewa an hana bahaya a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Amma wa'azin tsarki a masallatai yawanci a buta yake tsayawa. Ana bayanin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi dalla-dalla, launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, ba a cika jin limamin da ya hau mumbari ya ce wanda ya buɗe bututun masansa cikin lambatu da tsakar dare, don ruwan sama ya tafi da shi, ya ɗauki haƙƙin duk wanda ke ƙasa da shi ba.

Kuma ana yi. Kwashe sokawe kuɗi ne, ruwan sama kyauta ne. Wanda ya daure ya kira motar kwasar masai ma, da wuya ya tambayi direban inda zai juye kayan.

Sauran ƙazantar da ba ta fita ta rariya ba, ƙasa take shiga. A unguwannin da fili ya yi ƙaranci, taku kaɗan ne tsakanin shaddar wannan gida da rijiyar wancan. In damina ta ɗaga ruwan ƙasa, sai su gauraya, 'yan garuwa su tura shi gida-gida. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi, Kano, Jigawa da Zamfara na sahun gaba.

Landan ta taɓa zama a wannan hali. A 1854 wani likita, John Snow, ya bi sawun waɗanda kwalara ke kashewa a unguwar Soho, ya gano famfo ɗaya suke ɗiba. Daga baya aka tarar an haƙa rijiyar dab da wani tsohon ramin masai. Hukuma ba ta gamsu da bayaninsa ba. Abin da ya motsa ta ya zo ne a bazarar 1858, da zafi ya dafa ƙazantar da ke cikin kogin Thames, wari ya cika majalisar dokoki, wadda a bakin kogin take. 'Yan majalisa suka kasa zama da hanci a buɗe. Cikin 'yan makonni suka zartar da doka, aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin, ya gina manyan magudanai na kimanin kilomita 130 a ƙarƙashin ƙasa da ƙanana na kimanin kilomita 1,800. Annobar kwalara ta ƙarshe a birnin, ta 1866, ta fi ɓarna ne a gabashi inda aikin bai kammala ba. Su ma fa da farko turawa kawai suka yi: suka kai ƙazantar can ƙasan kogi suka sake ta ɗanya a kan waɗanda ke zaune a wajen, sai bayan shekaru aka fara tace ta.

Matsalar Kano ita ce warin Jakara ba ya isa inda ake raba kasafi. Babban mutum na da rijiyar burtsatse a gida, da ruwan gora a mota, da gilashin da ke rufe ruf in zai wuce gadar. Don haka kuɗi ke tafiya ga abin da ido ke gani. Tun daga ta Ƙofar Nasarawa, gwamna bayan gwamna na gina gadar sama da ta ƙasa, ana yanka kirtani, ana liƙa suna. Bututun da aka binne ba ya ɗaukar hoto, ba a raɗa masa sunan kowa. Ko aikin da aka fara wa Jakara kanta a zango na biyu na Gwamna Kwankwaso, wato titin Wuju-Wuju, na rufe ta da kankare ne a shimfiɗa hanya a kai, kuma ya shafe shekaru a tsaye. In an gama shi zai rage wari da cunkoso a cikin gari, wannan alheri ne. Amma ruwan da zai fito ta ɗaya bakin shi ne dai wanda ya shiga, kuma mutanen Wasai ne za su karɓe shi.

Akan ce tace ruwan ƙazanta aikin ƙasashe masu kuɗi ne. In ana nufin tasha irin ta Wupa da ke Abuja, mai injuna da ke son lantarki dare da rana, akwai ƙamshin gaskiya a zancen. Amma akwai hanyar da ta dace da ƙasa mai rana da fili. Tafkuna ake haƙawa a jere. Na farko mai zurfi, inda dauɗa ke kwantawa a ƙasa ƙwayoyin halitta su cinye ta. Na biyu mai faɗi marar zurfi, inda gansakuka ke samar da iskar da ke ƙarasa aikin. Na ƙarshe kuma rana ce ke kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan kan yi 'yan makonni yana wannan tafiya, ya fito ya isa a shayar da gona. Da haka Nairobi ke tace yawancin ruwan da take tacewa a Dandora, kuma Wagadugu, wadda ba ta fi Kano arziki ba, tana da irinsa a Kossodo, inda aka yanka wa 'yan lambu filaye a gefen tashar. Sai dai tafki ba ya maganin kuromiyam. Wannan dole majemi ya cire shi a cikin harabarsa, da kuɗinsa, kafin ya saki ɗigo ɗaya, tunda shi ke cin ribar fatar.

Batun kuɗi kuwa, tun 1981 akwai asusun kula da muhalli na tarayya, kuma jihohi da ƙananan hukumomi na samun kasonsu. Talakan da ake tsarewa a gida ranar Asabar ɗin ƙarshen wata don ya yashe kwata, ya tara dagwalon a bakin titi, motar shara ba ta zo ba, ruwan farko ya mai da shi inda ya fito, yana da ikon ya san me aka yi da wannan kaso.

Kududdufan da suka rage a birnin ba su da yawa, kuma kowanne akwai mai ido a kansa. Hukumar tsara birane ta KNUPDA ta daina sa hannu a kansu, a yashe su, a kewaye su da shinge saboda yara, a bar su su riƙe ruwa. Masu unguwanni da limaman Juma'a su san cewa shirunsu a kan wannan ciniki shaida ce. Duk ɗan takarar da ya shigo Dala, Gwale ko Fagge neman ƙuri'a kuwa, kafin ya fara lissafin gadoji, a tsayar da shi a bainar jama'a a tambaye shi a ina zai tace ruwan Jakara, kuma a kasafin wace shekara.