Albasar Aliero da injinan Jega: Me ya sa ilimin sana'a ba ya zama a hannunmu?

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama a lokacin kakar albasa, zai ga buhuna jibge ana loda wa manyan motoci. A garin na Aliero ne kuma aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi a 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo.

Ga manoma, ga masana, ga kasuwa. Amma har yau manomi yana sayar da albasarsa da araha lokacin kaka don tsoron ruɓewa, sannan ya ga ta yi tsada bayan 'yan watanni. Matsalar ba ta rashin ilimi ba ce. Ilimin ne ba ya tashi daga hannun mai shi ya isa ga mai buƙatarsa.

Ilimin da ke cikin kai

Tsohon manomin albasa ya san lokacin da zai tsayar da ban ruwa kafin cira. Ya san yadda ake shanya ta har wuyanta ya bushe, da yadda ake jera ta a rudu don iska ta ratsa. Kusan duk wannan ba a rubuce yake ba. Haka ma ɗorin karaya da Aliero ta yi suna a kai, gado ne da ɗa ke koya a gaban uba.

Irin wannan sani yana da ƙarfi, amma yana da rauni guda: idan mai shi ya rasu, ko 'ya'yansa suka bar sana'ar, shi ke nan ya tafi.

Inji ya zo, gwaninta ba ta zo ba

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, harkar shinkafa ta bunƙasa a jihar. An buɗe kamfanin WACOT a Argungu a 2017, ga kuma Labana a Birnin Kebbi, baya ga ƙananan injinan casa a garuruwa irin su Jega.

Bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, masu noman rani da dama a fadamu sun koma ga injin ban ruwa mai amfani da hasken rana. To amma idan na'urarsa ta ƙone a wani ƙauye na Maiyama ana tsakiyar rani, wa zai gyara? Kwana kaɗan ba ruwa ya isa ya cinye jarin shekara.

Sayen inji daban, mallakar fasaha daban. Najeriya na da hukumar NOTAP da ke rajistar yarjejeniyoyin shigo da fasaha daga waje, wadda asalinta ya faro tun 1979. Sai dai aikinta ya fi shafar manyan kamfanoni, ba mai injin casa guda ɗaya a bakin kasuwa ba.

Darasi daga Bangaladash

A 1979, kamfanin ɗinkin tufafi na Desh a Bangaladash ya tura ma'aikata 130 Koriya ta Kudu domin su koyi aiki a kamfanin Daewoo. Daga baya yawancinsu sun bar Desh, sun kafa nasu kamfanonin ko sun jagoranci wasu. Yau ƙasar na cikin na gaba a duniya wajen fitar da tufafi. Ba kekunan ɗinki ne suka yi wannan ba, mutanen da suka koya suka kuma koyar ne.

Abin da za a iya yi

Na farko, duk lokacin da gwamnati ko ƙungiyar manoma za ta sayi injina, a sa sharaɗin horar da makanikai na yankin da samar da kayan gyara a kusa. Kada a gama biyan kuɗi sai an cika wannan.

Na biyu, jami'ar tana da gonar koyarwa da bincike a Jega. A nan za a iya gwada rudu na gargajiya gefe da gefe da ingantattun rumbuna, a auna asarar kowane, a gaban manoma.

Na uku, a fitar da sakamakon bincike daga cikin kundayen Turanci. Saƙon murya na minti biyu da Hausa a WhatsApp ko rediyo zai fi isa gona.

Na huɗu, ɗaliban da ke zuwa koyon aiki su riƙa naɗar bayanan tsofaffin manoma da makanikai, da izininsu da kuma sunayensu. Masu injina su ma su ajiye littafin gyara: me ya lalace, me aka canza, wa ya gyara.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyoyin naira. Abin da ake buƙata shi ne malami da manomi da bakanike su zauna kan tabarma ɗaya, kafin wata kakar ta zo ta same su yadda ta bar su.