Kiran Naomi: haƙuri daban, shiru daban

Yau ba zancen zubi ko bashi na kawo muku ba. Labari ne daga Faransa, amma ku saurara, ya shafe mu.

Ranar 29 ga Disamba 2017, a garin Strasbourg, wata matashiya ƴar shekara 22, Naomi Musenga, uwar ɗiya ƙarama, ta kira SAMU, masu kai ɗaukin gaggawa. Ciki ke murɗa mata, murya da ƙyar take fita. Ta ce mutuwa za ta yi. Matar da ta ɗauki waya sai ta yi mata gatse, wai ai kowa ma zai mutu wata rana, ta ce ta kira likitoci masu zuwa gida. Ba ta haɗa ta da likitan da ke bakin aiki ba, alhali abin da ƙa'ida ta ce ke nan. Kafin a kai Naomi asibiti lokaci ya ƙure. Ranar ta cika.

To, iyayenta ba su ce "ƙaddara ce" suka naɗe tabarma ba. Sun nemi a ba su sautin kiran, don can ana naɗar duk kiran da ya shigo. A Afrilun 2018 wata jaridar yankin ta fitar da shi, ƙasa duk ta ɗauka. Ministar lafiya Agnès Buzyn ta sa hukumar bincike ta gwamnati, IGAS, ta tono maganar. Rahoton ya nuna an yi jinkirin sama da awa 2 wajen kai ɗauki, shugaban SAMU na garin kuma ya ajiye aiki. A 2019 aka buɗa horo na shekara guda don masu ɗaukar irin wannan waya. A Yulin 2024 kotu ta yanke wa matar wata 12 na jeka-ka-gyara-halinka. Fiye da shekara 6 iyayen suna bin hakkin ɗiyarsu!

Me ya hana maganar mutuwa? Shaida. Mu ƴan asusu mun fi kowa sanin haka. In gardama ta tashi kan ko wance ta zuba dala ɗari, ba rantsuwa ke raba mu ba, littafi ne.

Amma ran da naƙuda ta yi gardama cikin dare, aka kira ambilans ba ta zo ba, ko aka karɓi kuɗin mai ba takarda, mu nawa ke rubutawa? Sai mu ce Allah ya isa, mu koma gida.

Ga shawarata. A taro mai zuwa, kowace ƙungiya ta rubuta lambar majo na CSI da ta direban ambilans a bangon littafinta. In an kira, a riƙe awar kira da awar isowa, kar a goge su daga salula. Duk kuɗin da aka biya, a nemi takarda. In an ga ba daidai ba, mace biyu ko uku su raka mai abin wurin kwamitin lafiya, cikin ladabi. Wanda kuma ya taso tsakar dare ya ceci ƴar uwarmu, shi ma a je a gode masa gaban shugabansa.

Ajali na Allah ne, wannan ba musu. Amma sakaci na mutum ne, kuma in ba a faɗa ba, gobe wata zai ci.

Allah ya ba mu lafiya. Sai fitowa ta gaba.